Hilarion Dimaculangan da Gidan da Ya Ƙi Barin Gona

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayi Hilarion Dimaculangan a shekarar 1838 a garin Rosario na lardin Batangas, zamanin mulkin Sifaniyawa. Mahaifinsa Anacleto dillalin dawakai ne, mahaifiyarsa Petrona kuwa masaƙiya. A wurin limamin coci ya koyi karatu da lissafi, amma sanin dabba gado ya yi.

Aiki da aure

A 1863 wani Bature mazaunin Manila ya naɗa shi wakilin gonarsa ta rake da shinkafa, inda ya shahara wajen sayen ɓaunar huɗa a rame ya sayar da ita a ƙoshe. A shekarar da ta biyo baya ya auri Eulalia Macatangay.

Rikicinsa da Tiburcio

Cikin masu aron ƙasa a gonar akwai Tiburcio Magpantay, mutum mai taurin kai, wanda yake ba da hayar ɓaunar gona kamar ta ubansa. A 1871 Hilarion ya samo hukuncin alƙali cewa Tiburcio ya tashi daga filin da yake. Tiburcio bai yi musu ba. Ya yanka kaji ya tara maƙwabta, suka zura sandunan gora ƙarƙashin gidansa na itace da ciyawa bisa al'ada, suka saɓa shi a kafaɗa suka dire a ƙetaren rafi, wanda shi ma ƙasar gonar ce. Da wakili ya iso, sai Tiburcio ya ce masa, "Yallaɓai, ai na tashi. Ko in ƙara?"

Haka aka yi ta yi, hukunci na bin gida, gida na gaba, har Bature ya gargaɗi Hilarion cewa ɗayansu ne zai zauna.

Sallama daga aiki

A 1884 aka sallami Hilarion tare da umarnin ya kau da gidansa kafin girbi. Saboda tsoron Bature babu wanda ya fito taya shi, abin da ya yi masa ciwo matuƙa. Daga ƙarshe Tiburcio ne ya zo da jama'arsa, yana ce musu, "Ku ɗaga a hankali, wannan gidan bai saba tafiya ba."

Rasuwa

Hilarion ya rasu a 1889 bayan jinyar zazzaɓi, aka binne shi a maƙabartar cocin Rosario, Tiburcio na gaban masu ɗaukar akwatin. Ya bar matarsa Eulalia da 'ya'ya uku: Macario, da Benigno, da Sinforosa, wadda take aure da ɗan Tiburcio, a cikin gonar.