Purvis Tolliver, Mutumin da Ya Mayar da Mijina Kan Ruwa

Da safiyar ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 2025, ina kicin ina haɗa karin kumallo sai waya ta yi ƙara. Ozella Tolliver ce. Ta ce, "Wynelle, Purvis ya tafi." Ni kuwa sanin cewa watan da kifi ke matsowa bakin gaɓa ne, sai na ce mata, "Da wannan iskar? Ai yau tafki ba zai shigu ba." Ta yi shiru. A cikin shirun nan nata na gane inda mijinta ya tafi. Zuciyarsa ce ta tsaya yana zaune a kujerarsa, yana ɗaura igiyar takalmi. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu. Wanda ya ba mu shi ya karɓi abinsa, ba mu da ta cewa sai godiya.

Ɗan'uwa Purvis, a ranar jana'izarka fasto ya ba da dama duk mai magana ya tashi ya yi. Na miƙe, na koma na zauna. Abin da na kasa faɗa a coci shi nake rubutawa yau, domin bai kamata a rufe ka da ƙasa a rufe har da labarin abin da ka yi wa gidana ba.

Duk wanda ya girma a Coffeeville ya san ka a saman falwaya kafin ya san ka a kan ruwa. Ƙuruciyarka duka a gyaran layin lantarki ta ƙare. Shekarar da ƙanƙara ta kakkarya itatuwa ta tsinka wayoyi, bayan ka tashi daga aikin kamfani gidajen tsofaffi kake bi kana duba musu murhu da na'urar ɗumama ɗaki. Mahaifiyata na cikinsu. Har ta koma ga Allah, in an ambaci sunanka sai ta ce, "Yaron nan da ya ƙi zama ya sha ko kofi." Da ka ajiye aiki kuma sai ka miƙa sauran kwanakinka ga Tafkin Grenada da kifin nan namu kirafi.

A nan ne ka haɗu da abokin faɗanka, mijina Harlan. Kai ne farkon wanda ya ɗaura na'urar ganin kifi kai tsaye a jirginsa a duk yankinmu, wadda ke nuna kifi yana yawo a ƙarƙashin ruwa kamar ana kallonsa ta taga. Harlan kuwa ya tsane ta. Shi a wurinsa masunci na gaskiya da yatsa yake gani. Kirafi ba ya fizgar ƙugiya kamar sauran kifaye, ɗan taɓi ɗaya yake yi, wanda bai saba ba ma ba zai ji ba, kuma Harlan yana alfahari cewa wannan taɓin bai taɓa wuce shi ba. Kowace Asabar a shagon sayar da kayan fatsa sai kun yi. Ya ce maka, "Ga mai gidan talabijin nan ya iso. Purvis, yau wane shiri za a nuna mana?" Ka ce masa, "Shirin wani tsoho ne da ya wuni yana fatsa a inda babu kifi, yana ta yabon yatsarsa." Mutane su yi ta dariya. Baƙo zai ɗauka gaba kuke yi, alhali benci ɗaya kuke zama a coci ranar Lahadi.

Sai ga shi shekara uku da suka wuce, a farkon sanyi, ɓarin jikin Harlan na dama ya shanye. Allah ya sa ya tashi. Ƙafa ta dawo da taimakon sanda, magana ta dawo a hankali, hannun ma yana iya riƙe abu, amma ba ya jin komai. Ko kofi mai zafi ya riƙe sai na faɗa masa ya ajiye. Da bazara ta yi ya nace sai na kai shi tafki. Muka je inda ya saba, kusa da wasu kututtura. Ina kallon zaren fatsarsa yana motsi, kifi na taɓawa yana saki, shi kuwa yana zaune bai sani ba. Ya gwada da hagu, hannun da bai taɓa fatsa da shi ba, ita ma ta ƙi. Ya naɗe zarensa ya ce, "Mu tafi gida."

Daga ranar nan mijina ya fara ficewa daga hannuna ina kallo. Ya daina zuwa shago ranar Asabar. Ya daina atisayen da likita ya ba shi. Abinci sai na yi da gaske yake cin cokali biyu. Ya juya kujerarsa ta bar kallon tagar da ake hango jirgin a tsakar gida. Wata rana ya ce in sa ɗanmu ya nemo mai saye. Ni na san ba jirgi kaɗai yake sallamawa ba, amma ban san abin da zan yi ba sai addu'a.

Ban faɗa wa kowa ba sai Ozella, bayan an tashi daga coci. Washegari sai ga motarka ta shigo da baya har gaban jirgin. Ko sallama ba ka gama ba ka hau ɗaura shi a bayan motar. Harlan ya dogaro sanda ya fito baranda ya ce, "Kai, ɓarawo da rana tsaka?" Ka ce, "Na ji an ce na sayarwa ne. Ni kuwa ba zan bari a cuci mai saye ba, wayoyin jirgin nan duk ɓera ya ci. Bari in duba." Ka ja ka tafi, ka bar shi yana faɗa. Rabon da in ji ya ɗaga murya haka har na manta, sai na ji faɗan nan ya yi mini daɗi.

Da na kai maka abinci rumfar aikinka na ga abin da kake yi: na'urar ganin kifi kake ɗaura wa jirgin Harlan. Ka ja wa na'urar waya tata daban da batir nata daban, ka ce in ta haɗa wuta da ƙaramin injin da ke gaban jirgin hoton zai riƙa yin ƙura. Allon ka ɗaga shi a kan ƙarfe daidai fuskar mutumin da ke zaune, don kada Harlan ya riƙa sunkuyawa jiri ya ɗebe shi. Idon na'urar kuwa, wanda ake nutsawa a ruwa, ba ka ɗaura shi a jikin inji kamar na kowa ba. Ka yi masa sanda ta musamman a gefen hagu, ka naɗa wa mariƙinta roba mai kauri, ka zana kibiya a samanta da jan fenti don ya san inda idon yake kallo. Har kujerar ka canza mata wuri, ka sa mata madogarar hannu. Ka zauna a kai ka maƙale hannunka na dama a aljihu, kana gwada komai da hagu, kana kwancewa kana sake ɗaurawa. Na tsaya a bakin ƙofa da kwano a hannu ina kallonka.

Shigar da shi jirgin ma sai da aka sha fama. Da ya ga allon ya ce ko a mafarki. Ka ce masa, "To kar ka kalla. Ni dai raka ni za ka yi, Ozella ta hana ni fita ni kaɗai." Muka shiga mu uku. Ka tsayar da jirgi nesa kaɗan da wasu rassa da suka nutse, ka ce in aka matsa sosai inuwar jirgi za ta kori kifayen. Ka rage nisan da na'urar ke hangowa, ka yi ta daidaita haskenta har ƙurar ta washe. Sai ga rassan sun fito a allo kamar bishiyar da ta zubar da ganye, ga wasu ɗigo-ɗigo masu haske a rataye a jikinsu. Kana yi kana magana da ni, kai ka ce Harlan ba ya wurin. "Wynelle, kin ga wancan mai kaurin a saman reshe? Shi ne babba. Ƙanana su ne masu yawan zirga-zirga. Yanzu ga ƙugiyata tana sauka, kin gan ta? Ba a kai ta ƙasansa. Idon kirafi sama yake kallo, a saman kansa ake tsayar da ita, a yi shiru."

Harlan ya juya mana ƙeya yana kallon gaɓa. Amma da kifin ya ƙi tasowa sai muka ji ya ce, ba tare da ya waiwayo sosai ba, "Ka cika motsa ta. Kullum haka kake, ba ka da haƙuri." Ka ce, "To malamin masunta, zo ka nuna mana." Ka miƙa masa sandar fatsar.

Ya riƙe ta da hannun nan da ba ya ji, ya juya sandar ido da hagu har ya samo ƙugiyarsa a allo. Ya sauke ta a hankali ya tsayar. Ɗigon nan mai kauri ya rabu da reshe, ya taso, ya taso, har haske biyun suka zama ɗaya. Ka buɗe baki za ka ce ya ja, ashe ya riga ka. Sanda ta lanƙwashe. Da kifin ya faɗo cikin jirgi yana mutsu-mutsu, fari tas da ɗigon baƙi a jikinsa, Harlan ya ɗora shi a cinya ya yi ta kallo. Can ya ce, "Ban ji shi ba, Purvis. Ko kaɗan ban ji shi ba." Ka ce, "Na sani. Amma ka gan shi." Sai ka juya kana ta laluben wani abu a akwatin kaya wanda na tabbata babu shi a ciki, don dai ka ba shi wuri ya share fuskarsa.

Sai da muka koma gaɓa muka ga jirginka a ɗaure, gabansa fayau, ramukan kusoshi kawai suka rage a inda allonka yake. Ashe taka ka kwance ka ɗaura masa. Harlan ya ce ba zai karɓa ba. Ka ce ai dama ta ishe ka, wuyanka ciwo yake saboda kallonta. Ba ka sake sa wata ba har ka bar duniya. Ka koma fatsa da yatsa kamar yadda mahaifinka ya koya maka, kuma gaskiya kifin da kake samu ya ragu, kowa ya gani. Asabar ta zagayo sai ga abin dariya a shago: kai ne kake cewa, "Ga mai gidan talabijin nan ya iso," Harlan kuma yana ce maka, "Yaya yatsa? Ta ga wani abu yau?" Ya koma atisayensa don ya iya shiga jirgi da kansa. Ya koma cin abinci har ina yi masa faɗan ƙiba. Shekara ukun nan da na ƙara samu tare da mijina a raye sosai, bayan Allah kai ne sanadinsu.

Ba mu kaɗai ba ne. Duk wanda ya sayo na'urar ya kasa gane kanta rumfarka yake nufa, ka gyara masa, ka bi shi tafki ka nuna masa. Amma ba ka sallamar mutum sai ka ja masa kunne. Kana cewa abin nan ya sauƙaƙa kamu har ya so ya yi yawa, wanda yake ganin kowane kifi a tafki shi ya fi kowa bukatar sanin inda zai tsaya. Ɗebi na tukunyarka ka bar wa jikoki nasu. Kuma duk suyar kifin da coci ta yi, kai ne a bakin kasko, kana juya kifi a garin masara, kana korar masu ɗanɗane da matsami.

Bayan an yi kwana biyu da binne ka, Harlan ya sa na kai shi wurin Ozella ya ce zai kwance na'urar ya dawo mata da ita, ko jikokinka za su so. Ta ce a'a, amma tana da roƙo ɗaya. Ita tun tana yarinya take tsoron ruwa, duk zaman aurenku ba ta taɓa taka jirginka ba. Ta ce, "Ku kai ni in ga abin da yake gani." Muka sa mata rigar ceto, ta riƙe hannuna gam har muka isa. Harlan ya tsayar da jirgi, ya ɗora hannunta a kan sandar ido ya nuna mata yadda ake juyawa. Ba mu jefa ƙugiya ba. Kifayen suna nan a jikin rassa, wasu na tashi wasu na sauka a hankali. Ta daɗe tana kallonsu. Sannan ta ce, "Shekara hamsin ina soya su, ban taɓa ganinsu a gidansu ba. Kullum yana ce mini, Zella, da kin gani." Da rana ta yi zafi na ce ko mu juya. Ta ce, "Ku ɗan ƙara mini kaɗan."

Ya Ubangiji, ga bawanka Purvis ya zo gare ka. Ka ji ƙansa, ka gafarta masa kurakuransa, ka karɓe shi cikin salamarka. Yadda ya duba raunin ɗan'uwansa ya rufa masa asiri bai kunyata shi ba, kai ma ka dubi nasa raunin da idon rahama.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta Harlan ga 'yar'uwata Ozella, da 'ya'yansu Lorna da Dwight, da jikoki, da jama'ar cocinmu, da dukan masuntan Grenada da suka yi layi da jiragensu a bayan motar gawa. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da kyau in namu lokacin ya zo. Ozella, ƙofarmu a buɗe take, kuma Harlan ya ce in faɗa miki kujerar gaba taki ce duk ranar da iska ta kwanta.

Ka huta lafiya, Ɗan'uwa Purvis. Mun gode.

Wynelle Braswell
Coffeeville, Mississippi