Haƙƙin Janar ɗin da Malam Uzairu Ya Bar Mini

Da hantsin Talata, 11 ga Maris 2025, Hajiya Hadijatu ta kira ni daga garin Pleasant Garden a nan Amurka ta ce Allah ya yi wa maigidanta, Malam Uzairu Maikano, rasuwa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malam, shekara huɗu ina ɗalibarka a fannin tarihi. Ran da na sauka birnin Greensboro ban san kowa ba, kai ka samo mini ɗaki a unguwar Glenwood, har tukunya ka kawo mini. Kai ka koya mini cewa ba a yanke wa kwamanda hukunci daga kan kujera, sai an taka ƙasar da ya taka. Mu ɗalibai har tsokanarka muke yi, wai takalmanka sun fi sojojin da kake nazari shan wuya.

Shekara ashirin kana rubutu kan wani janar na yaƙin basasar Amurka wanda ya iso fagen fama a makare, aka karkashe mutanensa. Matsoraci ka kira shi a littafinka. Sai a watan jiya muka bi hanyar da ya bi, karo na farko bayan ruwan sama. Tafiyar da ka saba yi cikin awa biyu ta ci mana biyar, taɓo har ƙwauri. Ka zauna a kan kututture kana haki, ka ce, "Suhaila, na zalunci bawan Allah nan. Mamaci ba ya kare kansa. Ranar gobe me zan ce masa?"

Ba ka kai ga gyara babin janar ɗin ba. Na duba takardunka kaf, ko layi ɗaya babu. Littafin yana hannun masu ɗab'i, ni kuwa ba ni da shaida sai kunnena. Tsoro nake ji, Malam. In na yi shiru, ka tafi da haƙƙin mutum. In na yi magana, a ce yarinya ta sa wa malaminta magana a baki.

Jiya na rubuta wa masu ɗab'in su dakata, ko da za su fasa bugawa. Har yanzu ba amsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya da 'ya'yanka, Salwa da Ma'aruf, Allah ya ba su haƙurin rashi. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Ya Allah, kada ka kama shi da wannan babin. Ni shaida ce ya janye maganarsa.