Salgar Kakana

Duk lokacin da na ji samarin magina suna tankaɗe yashi, tsakuwa tana kaskas a kan wayar rariya, sai haushin kakana ya taso mini sabo fil.

Da ƙuruciyarsa ya tafi hajji da ƙafa. A hanyar komowa ya ratse ƙasar Sham, can bakin teku, inda ya tarar da nasara suna tonon wani tsohon birni da ƙasa ta binne. Suka ɗauke shi ɗaukar kwando. Daga nan ya koyo cewa ƙasa hawa-hawa ce, kowane hawa da mutanensa, ba a sara ta da diga sai dai a kankare.

Wannan karatu bai cuci kowa ba sai shekarar da salgar gidanmu a Tamanrasset ta cika. Lokacin sanyi ne, irin na duwatsun Hoggar mai fasa leɓe. Babana yana kan hanyar In Amguel da kamiyo, wato babbar motar kaya, Inna kuwa ga tsohon ciki. Kaka ya ce ba lebura da zai taɓa masa tsakar gida, shi zai haƙa sabuwa.

Ka san da me? Da cokalin magini da tsintsiya. Ya kafa turaku, ya ɗaure zare, ya ƙwace rariyar garin Inna. Kowace ƙwarya ta ƙasa sai ya tankaɗe ta, yana ba da labarin ginshiƙan dutse da tulunan mai. Wata ya mutu, ramin bai kai gwiwa ba. Abin da ya samu gwangwanin sardin ne da haƙorin jaki, su ma ya wanke ya jera a kan katanga. Mu kuwa kullum safiya muna ƙofar maƙwabta da buta. Inna, mace mai kunya, har abinci ta rage don kada ta yi ta ƙwanƙwasa gidan mutane.

Ran nan ta durƙusa da ƙyar ta ce, "Baba, ku yi mini aikin gafara. Ni ba birni nake nema ba."

Ya ce, "'Yata, wanda ya yi gaggawa ya kashe matattu sau biyu."

Ranar Juma'a yana fita masallaci ta kira samari biyu 'yan Damagaram da digoginsu. Kafin ya gama gaishe-gaishensa na kasuwa, rami ya shanye mutum. Ya dawo ya tsaya a kan tulin ƙasar, ya tsinci wani katangan tukunya mai zane, ya jujjuya. "Daga wane hawa ya fito?" Ba wanda ya sani. Daga ranar bai ƙara ambaton Sham ba har ya bar duniya.

Yanzu injin yake haƙa, rami ya gamu kafin shayi ya nuna, kuma har gobe bayan Inna nake. Amma 'yata da ke jami'a ta matsa mini in faɗa mata sunan birnin nan. Ya faɗe shi ba iyaka, wallahi, amma ban riƙe ba. Mu ne dai a lokacin duk a matse muke.