Ranar da aka fara tambaya daga ƙanana

Mu matan Arewa da ke zaune a ƙasar Turawa muna haɗuwa a unguwar Barking ranar Lahadin ƙarshen wata, a wani ɗakin taro da muke haya bayan laburare. Kowa ta zo da kularta, a ci, a sha hira, a ɗan taɓa gulma. Nan kaɗai nake yin Hausa a mayar mini da Hausa. Maigidana Allah ya yi masa rasuwa, 'ya'yana kuwa in na ce “kun ci abinci?” sai su ce “yes, Mum.”

Wata rana Hajiya Babba, wadda ta girme mu duka, ta kawo shawarar a mayar da taron gidanta kusa da lambun Regent's Park, ranar Asabar. Gida ne mai faɗi, ga masallaci kusa. Duk Asabar a gidan kula da tsofaffi nake wuni ina aiki, na roƙi a canja mini har na gaji. In aka koma Asabar, ni da taro sai dai labari.

Shugabarmu a lokacin wata likita ce mai son tsari kamar me. Ita ta hana mu ɗaga hannu a bi masu rinjaye. Ta ce za a riƙa tambayar kowace mace ita kaɗai ko shawara za ta cutar da ita. Ba sai kina so ba, in dai za ki iya zama da ita, shi ke nan. In kuwa ko mutum ɗaya ta kawo dalili na gaske, sai an gyara kafin a wuce.

Tsari mai kyau, amma likita ta manta da su wa take. Ta fara daga manya, yadda muke yi in za a raba abinci. Hajiya Babba ta ce ta yarda, to da fa, ai ita ta kawo. Ta kusa da ita ta ce, “Duk yadda Hajiya ta ce.” Haka aka yi ta gangarowa, kowa tana gyara mayafi tana amincewa. Wa za ta musa wa babba a kan idonta? Ina zaune haushi kamar ya kashe ni, don na san in an zo kaina ni ma haka zan ce.

Sai wata 'yar Gana da ke zuwa daga unguwar Deptford, wadda bakinta ba ya shiru, ta yi dariya, ta yi magana da Hausarsu ta Gana.

“Doctor, wannan ba tambaya ba. Hajiya ya yi magana, kowa ya bi. Fara daga yara mana.”

Aka yi dariya, likita ta sake sabon zagaye daga ƙanana, Hajiya a ƙarshe. Wata mai goyo ta ce hawa jirgin ƙasa da keken jariri wahala ne, amma za ta iya. Ba wanda ya harare ta. Wannan ya ɗan ba ni ƙarfin gwiwa.

“Anti, ke fa?” in ji likita.

“Ina da shift duk Asabar,” na ce. “An ƙi yi mini swap. In kun koma Asabar ba za ku ƙara ganina ba.”

Na kasa ɗaga kai, kunya ta rufe ni.

“Ikon Allah!” in ji Hajiya Babba. “'Yar nan, ni fa Asabar ita ce ta fara zuwa bakina. A bar Lahadi mana.”

Aka sake zagayawa: gidan Hajiya, ranar Lahadi. Ba wadda ta ce za ta cutu. Wallahi ji na yi kamar an sauke mini buhun gero daga ka, har da 'yar ƙwallata.

Muna kwashe kuloli Hajiya ta kamo hannuna.

“Da kin yi shiru kin daina zuwa,” ta ce, “da har in mutu cewa zan yi gidana kika raina.”