Giris ɗin Kawu da Naman Unguwa

Babana yana da ɗakin sanyi a Fagge, inda 'yan kasuwa ke ajiye kifi da ƙanƙara. Idan Babbar Sallah ta zo kuwa, sai ɗakin ya koma na unguwa. Kowa ya soya abin da zai soya, ya ƙulle cinya ko awaza a leda, ya rubuta sunansa, ya kawo Baba ya ajiye masa kyauta. Bara naman da aka tara, na rantse da za a haɗa shi a ɗinke, da an tashi garke guda.

Ana saura kwana biyu Sallah fankar da ke hura sanyi a ciki ta fara kuka kamar jaririn da aka hana nono. Mai gyaranmu ya riga ya tafi garinsu. Sai ga Kawu, ƙanin Inna, bakaniken tirela, da gwangwanin baƙin giris a hannu.

"Anya irin nasa ne?" in ji Baba.

"Haba Alhaji! Giris ai giris ne. Abin da ya riƙe tirela daga nan har Legas, fanka ce za ta fi ƙarfinsa?"

Ya ɗura wa boris ɗin, wato zoben ƙarfen da fankar ke juyawa a kai, har yana amai. Kukan ya tsaya. Kawu ya ci tuwo malmala uku a matsayin lada.

Sallah ta kama Juma'a, Asabar aka kawo nama. Lahadi da safe aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta fanka ta huta, giris ya sha sanyi ya daskare kamar kakide. Aka kunna, ta yi gunji, ta ƙi motsi. Baba ya kira mai gyara a waya. Ya ce akwai giris na musamman, fari, wanda sanyi ba ya kama shi. A wanke na Kawu da kananzir a sa shi, in ba haka ba kafin la'asar nama zai fara zubar da ruwa.

Ni aka aika, cikin sabuwar shaddata, abokaina suna jirana mu tafi yawon Sallah.

Shagunan Fagge duk a rufe, ana hutun Sallah. Na ce ba komai, ai Sabon Gari ba sa layya. Na hau adaidaita, na sauka layin masu kayan inji, na tarar da kwaɗo a kowace ƙofa. Sai a lokacin na tuna Lahadi ce, duk suna coci. Rabin gari na cin nama, rabi na waƙa, ni kaɗai ke neman giris.

Wani mai shayi ya tambaye ni abin da nake nema. Da na ce man sanyi, sai ya dubi rana, ya dubi gumin da ke bin wuyana.

"A Kano? Samari, ka dai sha ruwa tukuna."

Sai bayan azahar wani dattijo ɗan Ibo ya iso, da farar riga da littafin addu'a a hammata. A Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa tsabta. Ba ya buɗe shago ran Lahadi, amma da ya ji naman amana ne sai ya ciro makulli. Matsalar ita ce mutumin ya san abubuwa, kuma ya daɗe bai samu mai sauraro ba.

"Ka ga harafin W ɗin nan a jikin galan ɗin man inji? Lokacin sanyi yake nufi."

"Na gane, Oga. Giris ɗin fa?"

"Akwai ƙasashen da direba ke hura wuta a ƙarƙashin mota kafin ta tashi."

"Allah Sarki. Oga, nama..."

"Da can ma man wani ƙaton kifi ake shafa wa agogo. Kuma akwai kifin da jininsa ba ya daskarewa a cikin ƙanƙara. Ba a koya muku a makaranta?"

"Oga, don Allah, ragunanmu ba su da irin wannan jinin."

Ya yi dariya har ya zauna. Zaman nan ya ci wasu mintunan. Da ƙyar ya miƙo ɗan gwangwanin da bai fi na tumatir ba.

Na dawo na samu Kawu yana yi wa fanka fifita da garwashi a kasko, a cikin ɗakin sanyi, wai don girisinsa ya narke. Baba ya kore shi waje. Muka wanke boris, muka shafa farin giris ɗan kaɗan, fanka ta juya shiru kamar ba ita ba.

Amma mun makara. Naman da ke can ƙurya bai ji komai ba, na bakin ƙofa kuwa ya saki, jini ya taru a ledoji. Na ce da Baba mu bari ya sake daskarewa, wa zai sani? Kallon da ya yi mini har yanzu ina jin sa a ƙeya.

"Ɗauki baro," ya ce. "Duk ledar da ta saki, ka kai wa mai ita, ka gaya masa gaskiya, ka ce a soya yau."

Haka na bi gida gida ina sallama, ina ba da haƙuri kan laifin da ban yi ba. Wata Hajiya ta tsayar da ni a zaure ta yi mini faɗa, har da tambayar ko ni ne na kashe wutar. Da ta gaji, ta ce tunda na zo, kuma 'ya'yanta duk sun fita, in shigo in riƙe mata cinyar ta yanka.