Sandar Ɗigo

A tasha ba wanda ya san shi da wani suna sai Ɗigo. Shekara ashirin yana jan a-kori-kurarsa mai shan dizal, yana dakon siminti da katako, kuma tankinta bai taɓa sanin cika ba. Shi a dole masani: wai mai da yawa nauyi ne, nauyi kuwa mai yake ci. Haka yake faɗa yana hura hanci, sai ka rantse shi ya ƙera injin.

Yana da wata sanda da yake zurawa a tanki, duk ya yi mata tsaga da wuƙa. Wannan ta kasuwar katako, waccan ta gidan bulo. Iya tsagar yake shan mai, ko cokali ba ya ƙarawa. In ya zo gangara sai ya kashe mota ta yi ta sulala, yana murmushi kamar ya cuci wani. Matarsa ta daina shiga tun ranar da ya dube ta ya ce ta ƙara jiki, motar ma ta ji.

Ran nan da hantsi aka bugo waya. Ƙanwar mahaifiyarsa tana asibiti a garin gaba, jiki ya yi tsanani, ba ta kiran kowa sai yayarta. Tsohuwarsa ta fito ko takalmi ba ta saka daidai ba. Gogan naku sai da ya fara zura sanda.

Da suka zo gidan mai ta ce, "Ɗan nan, tsaya ka ƙara."

"Inna, na auna. Zai kai mu har ƙofa."

Sanda ba ta san an rufe gada ana gyara ba. Aka juya su wata hanya ta bayan gonaki, inda ko keke ba ya bi. Can motar ta yi tari biyu ta mutu. Injin dizal kuwa in ya zuƙi iska, ko an zuba mai ba ya tashi sai an kwance an fitar da ita, kuma Ɗigo ya fi kowa sani. Ya saɓa galan ya taka neman mai, ya dawo, ya duƙa yana famfo yana tsaki, wai masu gyaran gada ne ba su da lissafi. Tsohuwa na zaune a gaba, hannu a cinya.

Da suka isa asibiti, suka tarar an riga an lulluɓe ƙanwar Inna. Ma'aikaciyar jinya ta ce ko rabin awa ba a yi ba.

Ɗigo ya matso zai yi magana. Inna ba ta dube shi ba.

"Je ka auna, ɗana," ta ce. "Ka ga ko an samu saura."

Ya fita ya tsaya jikin mota. Don rashin ta ido, sai da ya zura sandar.