Direban da Birni Ya Iske a Ƙofar Gida

Kafin masu shaguna su buɗe, Baba Direba ya riga ya iso tasha. Zai duba ruwa da mai, ya bubbuga tayoyi da ƙafa, ya goge gilashi da tsumman da ba ya rabo da kafaɗarsa, sannan ya fara kiran fasinja. Haka muka taso muka gan shi. A makon nan ya miƙa makulli, don ido ya fara yi masa gardama.

Lokacin da ya fara tuƙi, unguwar nan tamu ƙauye ce. Tsakaninta da birni gonaki ne da rafi da hanyar burji mai cin taya, kuma motarsa kaɗai ke shigowa. Ita ke kai mai naƙuda asibiti, ita ke dawo da gawa, ita ke ɗaukar buhu da akuya da ɗan makaranta a tafiya ɗaya. Sannu a hankali birni ya yi ta matsowa. Gonaki suka zama filotai, aka rufe rafi da kwalbati, kwalta ta ratsa tsakiyar dandali. Yakan yi dariya ya ce, "Na ƙare ƙuruciyata ina kai mutane birni, ashe shi ma yana kan hanyar zuwa wurinmu. Da ya faɗa mini, ai da na rage masa hanya."

Waɗanda suka sayar da filayensu suka watsu, kowa da inda ya nufa. Amma da yake shi ya kwashe wa yawancinsu kaya, babu gidan da bai san inda ya koma ba. In an yi rasuwa ko haihuwa, shi ke bi lungu-lungu yana sanarwa.

Mai facin tasha ya shaida wani abu da har yau yake ba da labarinsa. Wata tsohuwa ce ta sauka da jakarta, ta tsaya tana waige-waige. Zaman aure ya kai ta ƙasa mai nisa tun da ƙuruciya, zumunci ya yanke, yanzu ta dawo neman ƙaninta. Duk wanda ta tambaya gidan maƙeri sai ya ce bai sani ba. Ta zauna bakin kwalbati ta fashe da kuka.

Baba Direba ya matso ya ƙura mata ido. "Yaya, ba ke ce babbar 'yar maƙeri ba?"

"Bawan Allah, wane ne kai?"

"Ni na kai ki tashar jirgi ranar da za ki tafi. Ran nan ma kuka kika yi ta yi, har kika jiƙe mini kujera."

Ta yi dariya cikin hawaye, ta riƙe hannun rigarsa. "Ƙanina fa? Yana raye?"

"Yana nan, amma jiki ya yi nauyi. Tashi mu je."

Motarsa ta kusa cika, amma ya ba fasinjoji haƙuri, ya mayar da su motar da ke bayansa. A hanya yana nuna mata: kantin maganin can shi ne maƙerar babanku, tsamiyar da ke leƙowa ta katangar makaranta ita ce ta ƙofar gidanku. Ya kai ta can ƙarshen gari, har bakin gadon da ƙanin yake kwance. Mutumin ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Yaya?" Ba a daɗe ba ya rasu, ita ce a kansa tana ba shi ruwa.

Baba, kai ne ka riƙe mu da juna lokacin da katangu suka raba mu. Kai ne ba ka taɓa tambayar mara lafiya abin da ke aljihunsa ba. Mun gode. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ƙara wa idonka haske, Ya sa ka huta cikin jikokinka.

Ku kuma matasan direbobi da kuka gaji layinsa, ku riƙa kallon fuskar wanda kuka ɗauka. Wataƙila ba kujera kaɗai yake nema ba, hanyar gida ce ta ɓace masa.